Birkin Diski da Kalifa: Yadda Suke Kamawa, Yadda Suke Saki, da Yadda Za Ka Duba Naka

Kowane direba ya iya taka birki, amma kaɗan ne suka san abin da ke gudana daga lokacin da ƙafa ta sauka a kan feda zuwa lokacin da taya ta daina juyawa. Ko waɗanda suka ɗan san kan mota ma, hankalinsu yakan tsaya a kan tambaya ɗaya: birki yana kamawa ko ba ya kamawa? Alhali rabin aikin kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan birki mai juyawa tare da taya, saki ne. Kalifar da ta kama ta ƙi saki ita ce take cinye fad, wato abin da ke gogar faifan, cikin 'yan watanni, ta ƙone faifai, ta dafa man birki, ta ƙara wa mota shan mai, sannan ranar da ake tsananin buƙatarta a kan gangare ta gaza. Shi ya sa nake so mu bi hanyar nan tun daga tafin ƙafa har zuwa faifai, daga nan mu ɗauki sifana.

Birki zafi yake haifarwa

Motar da nauyinta ya kai kilo 1,500, in tana gudun kilomita 100 a awa, tana ɗauke da ƙarfin motsi kusan kilojul 580. Da ka tsayar da ita, wannan ƙarfi ba ya ɓacewa, zafi yake komawa, zafin da ya isa ya kai ruwan sanyi fiye da lita ɗaya da rabi ga tafasa, kuma cikin 'yan daƙiƙu. In ka ninka gudun sau biyu, zafin sau huɗu yake ninkuwa. Saboda haka birki mai kyau shi ne wanda yake iya ɗaukar zafi ya kuma zubar da shi da wuri.

A nan ne birkin diski ya fi na ganga. Na ganga a rufe yake, zafi yana taruwa a ciki, kuma idan gangar ta yi zafi sai ta buɗe ta yi nesa da takalmin da ke gogarta. Faifai kuwa a fili yake, iska tana kaɗa shi ta kowane gefe, ruwa ma in ya taɓa shi juyawa take watsar da shi. Injiniyan Ingila Frederick Lanchester ya yi wa dabarar rajista tun 1902 a Birmingham, amma ba ta karɓu ba sai bayan rabin ƙarni, lokacin da motar Jaguar mai birkin diski na kamfanin Dunlop ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 1953. Bayan shekara biyu, a 1955, Citroën DS ta fito da shi a motar da ake ƙerawa da yawa don sayarwa. Yau da wuya ka ga ƙaramar mota da ba diski ne a gabanta ba, domin idan an taka birki nauyin mota gaba yake zubowa, tayoyin gaba su ɗauki kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na aikin, wani lokaci ma fiye.

Hanyar da ƙarfi yake bi

Ƙafar mutum ita kaɗai ba za ta tsayar da tan ɗaya da rabi ba. A wuri uku ake ninka ƙarfinta.

Ninki na farko a fedar kanta yake. Doguwar sanda ce mai maƙale a sama, kana taka ƙarshenta, ita kuma tana tura sandar masta, wato famfon da ke tura man birki, daga kusa da maƙalin, sai ƙarfin ya ninku kamar sau huɗu ko biyar. Na biyu shi ne busta, baƙin gwangwanin nan mai faɗi da ke manne a bayan masta idan ka buɗe bonet. A cikinta akwai faffaɗar roba da ta raba ta gida biyu. Inji yana zuƙe iskar da ke ciki, da ka taka feda sai a buɗe wa iskar waje hanya ta shiga gida ɗaya, ta danna robar, ta taya ƙafarka turi. Motar dizal famfo na musamman ne yake yi mata wannan zuƙar. Wannan ne dalilin da ya sa idan inji ya mutu, bayan taku biyu ko uku feda take yin tauri kamar dutse. Birkin yana nan, mataimakin ne ya tafi.

Ninki na uku a ruwa yake, wato man birki, kuma shi ne mafi ban sha'awa. Masanin Faransa Blaise Pascal ya bayyana tun ƙarni na 17 cewa idan aka matsa ruwan da ke rufe, matsin yana isa kowane lungu daidai wa daida. Fistin ɗin masta ƙarami ne, a ce faɗinsa milimita 22. Na kalifa babba ne, a ce milimita 54. Fuskar babban ta ninka ta ƙaramin kusan sau shida, don haka ƙarfin da yake turawa da shi ma sau shida ne. Abin da aka biya shi ne tafiya: feda tana yin doguwar tafiya, fistin ɗin kalifa kuwa ɗan motsi kaɗan yake yi.

Duk wannan ya dogara ne a kan abu ɗaya, wato ruwa ba ya matsuwa. Iska kuwa tana matsuwa. Kumfar iska ɗaya a cikin bututu ta isa ta shanye takun ƙafarka, feda ta yi laushi kamar soso. Masta ta zamani fistin biyu gare ta da layi biyu daban-daban, a motoci da yawa kowane layi yana haɗa taya ɗaya ta gaba da ta baya ta ɗaya gefen, don in layi ɗaya ya fashe ɗayan ya rage maka abin tsayawa. Daga masta mai yana bi ta akwatin ABS, na'urar da ke hana taya kullewa lokacin birki mai tsanani, in motar tana da shi, ya shiga bututun ƙarfe, ya ƙarasa da tiyon roba mai lanƙwasa wanda yake bin taya duk inda ta juya.

Cikin kalifa

Kalifa ƙarfe ne da ya hau gefen faifai kamar yadda hannu yake riƙe faranti, yatsu ta wannan gefe, babban yatsa ta wancan. Iri biyu ne. Akwai kafaffiya, wadda aka ɗaure tam ba ta motsi, tana da fistin ta gefe biyu, biyu ko huɗu ko shida, an fi ganinta a motocin gudu da manyan motoci. Akwai kuma mai zamiya, wadda ita ce a mafi yawan motocin da ke kan hanya, kuma a kanta zan tsaya.

Mai zamiya yawanci fistin ɗaya gare ta, a gefen ciki. To yaya fistin ɗaya yake matse faifai ta gefe biyu? Idan mai ya shigo, yana tura fistin gaba, fistin ya danna fad na ciki a jikin faifai. Amma man yana kuma tura gindin ramin da fistin yake ciki baya, da ƙarfi iri ɗaya. Tunda jikin kalifar yana kan fil biyu masu santsi, sai duk jikin ya zame ciki, yatsunsa na waje su jawo fad na waje su manna shi da faifai. Ka ga ke nan fad na waje ba shi da wani mai tura shi sai zamiyar nan. Fil ɗaya ya cije, an rasa rabin birkin wannan taya.

Yanzu ga wurin da nake so ka tsaya ka duba da kyau. A birkin diski babu sifirin da ke dawo da fistin. Abin da ke dawo da shi zoben roba ne guda ɗaya, mai kusurwa huɗu in ka yanka shi, wanda ke zaune a cikin wani siririn kwari a bangon ramin, yana rungume da fistin. Aikinsa na farko hana mai fita. Amma idan fistin ya motsa gaba, zoben ba ya sakinsa nan take, sai ya karkata ya bi shi kaɗan. Da ka ɗaga ƙafa matsi ya sauka, robar ta miƙe ta koma siffarta, ta ja fistin baya da abin da bai fi kaurin takarda ɗaya ko biyu ba. Wannan ɗan jan shi ne sakin birki gaba ɗaya. Haka kuma idan fad ya ci, fistin yana buƙatar tafiya fiye da yadda zoben zai iya karkata, sai ya sulale ta cikinsa ya kama sabon wuri. Ta haka birkin diski yake saita kansa ba tare da kowa ya taɓa shi ba, kuma ta haka ne man da ke kofin masta yake sauka a hankali yayin da fad yake ci, domin ya koma cike gurbin bayan fistin.

Ƙarfin zoben nan ɗan kaɗan ne. Tsatsa kaɗan a jikin fistin ta isa ta fi ƙarfinsa. Abin da ke kare fistin daga ruwa da ƙura wata roba ce mai ninki-ninki a bakin ramin, fil ɗin ma kowanne da irin tasa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: robar nan ta yage, ruwa ya shiga, tsatsa ta kama, daga nan birki ya fara kamawa ba ya saki. Na taɓa sauka daga mota bayan tafiyar da ba ta kai rabin awa ba, wani ƙauri mai ɗaci ya buge ni daga tayar gaba ta dama. Ko kusantar da hannu ban iya yi ba don zafi, ta hagu kuwa ɗumi kawai. Da aka kwance, faifan ya yi shuɗi-shuɗi, fad na ciki ya kusa kai wa ƙarfe, na waje kamar jiya aka sa. Fil na ƙasa da filaya aka murɗo shi, ya fito a bushe, ja wur da tsatsa, robarsa da 'yar tsaga da ba ta fi tsinin farce ba.

Fad, faifai da mai

Fad farantin ƙarfe ne da aka manna wa abin goga. Akwai mai laushi marar ƙara amma mai saurin ci, akwai mai garin ƙarfe da ke jure zafi amma yana cin faifai, akwai na siramik mai ƙarancin ƙura. A da ana haɗa su da asbestos, wanda ƙurarsa ke jawo mummunar cutar huhu, kuma ba ka da tabbacin abin da ke cikin tsohon fad, don haka kada ka hura ƙurar birki da baki ko da iskar kwamfireso. Sabon fad kaurin abin gogarsa yakan kai milimita 10 zuwa 12. In ya sauko 3, lokacin canji ya yi. Da yawa suna da ɗan harshen ƙarfe da ke fara taɓa faifai ya yi tsuwa don ya gargaɗe ka.

Faifai kuwa zubin ƙarfe ne. Na gaba yawanci bango biyu ne da ramuka a tsakani, suna zuƙo iska daga tsakiya su watso ta waje. A jikin kowane faifai an buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda ya kai, za ka ga MIN TH da lamba. In ya gaza haka, canji ne kawai maganinsa, domin siririn faifai ba shi da jikin ɗaukar zafi.

Man birki shi ne wanda aka fi zalunta. Nau'insa da ake kira DOT 3 in sabo ne ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 kuma 230, DOT 5.1 kuma 260. Amma duka ukun suna shan danshi daga iska, har ta jikin tiyon roba. In ruwa ya kai wajen kashi 3.7 cikin ɗari, ma'aunin DOT 3 yana saukowa 140, na DOT 4 kuma 155. Man da ya tafasa tururi yake zama, tururi kuma yana matsuwa, sai feda ta tafi ƙasa. Ruwan nan kuma shi ne yake sa fistin tsatsa daga ciki. Shi ya sa kamfanoni da yawa suke cewa a canza shi duk shekara biyu, ko motar ta yi tafiya ko ba ta yi ba. DOT 5 na silikon ne, ba a haɗa shi da sauran. Baƙin mai, man giya ko man sitiyari kuwa, ko ɗigo kada ya shiga kofin, domin yana kumbura duk wata roba da ke cikin layin. Abin da aka rubuta a murfin kofi shi za ka zuba.

Bincike kafin a kwance komai

Fara daga kujerar direba. Inji a kashe, taka feda sau biyar har ta yi tauri, ka riƙe ta, ka tayar da inji. In ta ɗan sauka ƙarƙashin ƙafarka, busta lafiya take. Ci gaba da riƙewa kamar rabin minti. In tana nutsewa a hankali, ko dai akwai yoyo a wani wuri, ko robobin cikin masta sun gaji. Motar da take haka ba ta hawa titi.

A kan hanya, saurari abin da take gaya maka. Ƙarar gurzar ƙarfe da ƙarfe na nufin fad ya ƙare, faifai ake ci. Sitiyari ko feda na rawa lokacin taka birki yawanci alamar kaurin faifai ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Wannan daban yake da bugun da ABS yake yi a ƙafa lokacin birkin gaggawa, wanda aikinsa ne, kada ka ɗaga ƙafa. In mota tana fizga gefe ɗaya, tana bin gefen da ya fi kamawa ne, saboda haka sau da yawa laifin yana ɗaya gefen, wanda ba ya aiki. A dogon gangare kuma gazawa iri biyu ce: feda da tauri amma mota ba ta tsayawa, fad ne ya yi zafi fiye da kima, feda ta yi laushi ta nutse, mai ne ya tafasa. Rigakafin duka biyun shi ne sauka da ƙaramar giya, inji ya riƙe motar, kana taka birki kana saki maimakon ɗora ƙafa a kai tun daga sama har ƙasa.

In kana zargin wata taya tana riƙewa, ɗaga ta, taka birki ka saki, ka juya ta da hannu. In ta yi nauyi, sassauta ɗan notin fitar da iska na kalifar. Mai ya tsirto, taya ta saki nan take? To matsi ne ya maƙale a layi, galibi tiyo ne ya ruɓe daga ciki yana barin mai ya shiga ba ya barinsa ya koma. Ba ta saki ba? Laifin na fistin ne ko fil. Wannan gwaji na minti biyu ya hana mutane da yawa sayen kalifar da ba ita ce matsala ba.

Canza fad

Ka tanadi jak da ƙafafun ƙarfe na tokare mota, sifanu, sifana mai auna ɗauri, matsi mai siffar C, buroshin waya, feshin wanke birki, giris na silikon da guntuwar waya. Fad kuma na tayoyi biyu za ka saya, hagu da dama tare ake canzawa, ko da ɗaya bai ƙare ba.

Ajiye motar a daidaitaccen wuri mai tauri, ka tare tayoyin da za su zauna a ƙasa. Sassauta notocin taya tun tana ƙasa, sannan ka ɗaga, ka sa ƙafar ƙarfe. Kada ka taɓa sa hannu ko kai ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Cire taya, ka juya sitiyari yadda bayan kalifa zai fuskanto ka. Gefe ɗaya za ka gama kafin ka taɓa ɗayan, don in ka manta yadda wani abu yake zaune ka leƙa can ka gani.

Kwance notocin fil biyu da ke bayan kalifa, ka zare ta daga kan faifai, ka rataye ta da waya a jikin sifirin. Kada ka bar ta tana lilo a kan tiyo, nauyinta yana lalata shi daga ciki inda ido ba ya gani. Kuma muddin kalifa tana waje, kada kowa ya taka feda, fistin zai fito.

Zare tsofaffin fad, amma kada ka jefar, gani ya kori ji. Jera su ka karanta. Sun ci daidai da juna: kalifa lafiya. Na ciki ya fi ci sosai: jikin kalifa ba ya zamiya, ko fistin ba ya komawa. Na waje ya fi ci: kalifar tana zamewa ta kama amma ba ta komawa, ko fad ɗin ya cije a mazauninsa. Ya ci a karkace, kai ɗaya siriri ɗaya mai kauri: fil ɗaya ne ya cije. Duka biyun sun fi na ɗaya tayar ci: fistin ko tiyo. Wanda ya sa sabon fad bai karanta tsohon ba, ciwon yana nan, sabon ma haka zai ƙare.

Zaro fil ɗaya bayan ɗaya, ka lura da wanda yake sama da wanda yake ƙasa domin ba koyaushe suke iri ɗaya ba. Goge su tas, ka duba robobinsu a haske, ka shafa giris na silikon kaɗan, ka mayar. Ya kamata su shiga su fita da turin yatsa biyu. Giris na boris kada ya zo nan, yana kumbura roba ya riƙe fil ɗin da kake son ya saki. Sannan ka kankare tsatsar mazaunin fad da buroshi har ƙarfe ya fito, ka sa sababbin ƙananan faranta in sun zo tare da fad. Fad ya kamata ya shiga da hannu ya yi zamiya. In sai da guduma, mazaunin bai wanku ba.

Kafin ka mayar da fistin, ɗaga robarsa a hankali ka leƙa. Mai a wurin yana nufin zoben ciki yana yoyo. Tsatsa ko yaga na nufin kalifar tana buƙatar sababbin robobi ko canji. In lafiya, buɗe murfin kofin masta, ka rage mai in ya cika, domin zai hau, kuma yana cin fenti in ya zube. Ɗora tsohon fad a fuskar fistin, ka matsa da matsi a hankali har ya shige. Ni na fi son sa siririn tiyo a notin iska in buɗe shi kaɗan lokacin matsawa, don baƙin man da ya daɗe a bayan fistin ya fita waje maimakon ya koma cikin akwatin ABS, sai in rufe kafin in saki matsin. Fistin mai lafiya yana tafiya sumul. Wanda ya ƙi, kada ka tilasta shi ka rufe a kai.

Hattara da na baya. A motoci da yawa birkin hannu a cikin kalifar baya yake, fistin ɗinta murɗa shi ake yi ana turawa, da abin aiki mai haƙora biyu. Ka matsa shi kai tsaye, ka karya abin da ke ciki. Mai birkin hannu na lantarki kuma sai an sa shi a yanayin gyara, yawanci da kwamfutar duba mota.

In za ka canza faifai, kankare fuskar hob, wato mazaunin faifai, har ta yi ƙyalli kafin ka ɗora sabo. Ɓarɓashin tsatsa a nan yana karkatar da faifai, kuma karkatar da ta wuce wajen milimita 0.05 ta isa ta haifar da rawar sitiyari bayan 'yan watanni. Wanke man kariyar da ke jikin sabon faifai da feshi. Sa fad, mai harshen gargaɗi a inda tsohon yake, ka tabbata ko ɗigon giris bai taɓa fuskar goga ba. Mayar da kalifa ba tare da tiyo ya murɗe ba, ka ɗaure notoci daidai ma'aunin littafin motar. Notocin taya kuma a ɗaure su a tsallake, wannan sannan wanda ke fuskantarsa.

Kafin motar ta motsa ko taku ɗaya, taka feda a hankali sau da yawa, rabi-rabi, har ta yi tauri. Takun farko ƙasa zai tafi, domin fistin yana can baya inda ka tura shi. Mutane sun daki bango, sun daki mutum, saboda manta wannan. Daga nan ka daidaita mai a kofi tsakanin layi biyun.

Fitar da iska

In ka kwance tiyo, ko ka canza kalifa, ko feda ta yi laushi, sai an fitar da iska. Aikin mutum biyu ne. A mafi yawan motoci ana farawa da tayar da ta fi nisa da masta, amma littafin motar shi ne alƙali. Sa siririn tiyo mai gani-har-hanji a notin iska, ɗaya bakin a kwalba mai ɗan mai. Na ciki ya taka sau uku ya riƙe ya ce "na riƙe". Kai ka buɗe noti kwata, mai da kumfa su fito, feda ta sauka, ka rufe, sannan ka ce "saki". In ya saki kafin ka rufe, iska ta koma. A maimaita har mai ya fito garau babu kumfa, kana leƙa kofi bayan kowane taku biyar ko shida, domin in ya ƙafe aiki ya dawo farko. Tiyon da aka kwance a mayar da shi da sababbin wasoshin tagulla. Kuma notin iska dole ya kasance a sama. In ka gan shi a ƙasa, an sa kalifar hagu a dama, kuma ko kwana za a yi ana bugawa iskar ba za ta fita ba.

Abin da ya rage shi ne sabar da sabon fad da faifai. Nemi hanya marar cunkoso, ka kai kilomita 60 a awa, ka taka da matsakaicin ƙarfi har ka sauko 10 ba tare da ka tsaya cak ba, ka maimaita sau takwas ko goma. Wannan yana shimfiɗa siririn abin goga daidai a fuskar faifai. Sannan ka yi tafiyar minti biyar ko goma ba birki don su huce, kada ka tsaya ka danne feda a kan faifai mai zafi, fad zai bar tambarinsa. In takardar da ta zo da fad ta faɗi wata hanya, ita za ka bi. A kilomita 200 zuwa 300 na farko ka guji birki mai tsanani in ba dole ba. Da ka dawo gida, zagaya motar ka kusantar da bayan hannunka ga kowane rim ba tare da ka taɓa faifai ba: hagu da dama su kasance ɗumi ɗaya. Leƙa bayan kowace taya ko akwai danshin mai, sannan ka sake gwada notocin taya bayan kilomita 50.